Dabo Maƙeri da Bindigar Rumbu

Duk wanda ya girma a Illela kafin a kafa duwatsun iyaka ya san maƙerar Dabo. Tana bakin gari, ta wajen hanyar Araba, ƙarƙashin wata bagaruwa da hayaƙi ya baƙanta mata gefe ɗaya. Dabo Bagobiri ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, da tsagen gidansu a kumatu. Hannayensa duk tabon tartsatsi ne. Lokacin da aka kawo ni gidan Malam Lawwali, idon Dabo na hagu ya riga ya tafi, ɓarɓashin ƙarfe ne ya shige shi. Na daman kuma yana ta yi masa yana kaɗan-kaɗan, har ya zama sai dai ya bambanta rana da inuwa. Amma ban taɓa jin an ce aikinsa ya ragu ba.

Hauya yake ƙerawa, da lauje, da gatari, da wuƙa, da allura, da ƙarfen gurzar auduga na mata. Idan aka kai masa ƙarfe, ba ya kusanto da shi ido kamar yadda masu raunin gani suke yi. Sai ya kau da kai gefe, ya bi shi da yatsa, ya ƙwanƙwasa shi da zobensa, ya saurara. Akwai ranar da na kai masa wata wuƙa da na zo da ita daga gidanmu, ta karye daga ƙota. Ya shafa ta sau biyu, ya ce, "Wagga ƙirar Garu ta, kuma wanda yay yi ta bahago na. Ke kau, matar Malam, bisa dutsin niƙa kika wasa ta. Ki bari." Na ji kunya, don gaskiya ne, kuma ba wanda ya taɓa ganina ina yi.

Abu ɗaya ne ba ya taɓawa: bindiga. Maharba da 'yan rakiyar ayari sukan kawo masa tasu, ya ce su kai Gidan Katta, akwai mai yi. Wani maharbi ya taɓa ce masa a gaban mutane, "Baba Dabo, tsoro kaka ji?" Ya ce, "Ƙwarai kuwa." Ya ci gaba da dukan ƙarfensa. Ba wanda ya san dalili, har mutane suka gaji da tambaya.

Malam Lawwali ya rasu shekara huɗu bayan Nasara sun ci Sakkwato, bayan an gama kai amfanin gona gida. Allah ya jiƙansa. Ya bar ni da ɗa guda, Mukhtari, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda yake kai fata da baƙin zane Ƙonni yana komowa da kanwa. Ina cikin takaba, saura mini wata biyu, dangi suka taru don rabon gado. Aka buɗe babban rumbu, aka yi ta fitar da damman gero. Da aka kai ƙasa, sai ga wani dogon abu a jingine da bango, an naɗe shi da tsohuwar tabarma da fatar akuya. Mukhtari ne ya kwance shi da hannunsa, a gaban mutum ya fi ashirin. Bindiga ce, doguwa, ta kusa kai masa haɓa.

Ni shekarata ashirin da takwas a gidan nan, ban taɓa ganinta ba. Shi ma Mukhtari haka.

A lokacin akwai wani Bature da ya sauka bayan gari da 'yan sojojinsa, saboda aikin iyaka tsakaninsu da Faransa. An riga an yi shela cewa duk mai bindiga ya kai a gani. Kafin la'asar maganar ta kai masa, ban san wanda ya kai ba, kuma ban nema ba. Aka karɓi bindigar. Abin da aka gaya mini shi ne, Baturen ya ɗaga ta ya leƙa bakinta, ya ga cikinta ba sumul ba ne kamar na maharba, akwai tsaga-tsaga suna murɗewa har ƙasa. Ya ce irin wannan ba ta harbin gada ba ce, ta yaƙi ce. Ya nemi hatimin waɗanda suka yi ta bai gani ba, ya ce an goge ne da gangan. Ya zura sandar ɗuri ta ƙi kaiwa ƙasa, ya ce kuma a ɗure take. Ga Mukhtari falke ne, kullum yana ƙetare iyaka. Aka ɗaure Mukhtari a ƙofar mai gari, aka ce jibi za a wuce da shi Sakkwato. Waɗanda aka kai can a kan maganar makami a shekarun nan, kaɗan ne muka ga komowarsu.

Mai takaba ba ta fita. Na zauna a ɗaki da carbi, ina ja, hankalina yana wani wuri. Abu ɗaya ne ya yi ta dawo mini. Kowace shekara, idan an kwashe tsohon gero za a zuba sabo, Malam yakan ce in ba shi man kaɗe a 'yar ƙwarya. Sai ya shiga rumbu shi kaɗai, ya jima, ya fito hannunsa na ƙanshin man. Na ɗauka sassaƙen ƙofar rumbun yake shafawa saboda gara. Ban taɓa tambaya ba. Yanzu na gane abin da yake shafawa, na kuma gane ta daɗe a can. Amma wa zai karɓi shaidar uwa a kan ɗanta, shaidar ma ta 'yar ƙwaryar mai?

Sai wuƙata ta faɗo mini a rai. Na kira maƙwabciyata Zuwaira, na ce ta je wurin Dabo. Ta ce, "Tasalla, kin san ba ya taɓa bindiga." Na ce, "Ki dai gaya mai. Ki ce ɗan Malam Lawwali anka ɗaure." Ta komo ta ce bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Ya dai ajiye masaba, gudumarsa ta ƙira, ya bar wutarsa har ta mutu.

Kashegari da hantsi Baturen ya ce yana son ganin rumbun da idonsa. Shi ya sa aka yi zaman a tsakar gidanmu, ni kuwa ina bayan zana, ina gani ta wata 'yar ɓula da akuya ta ci. Aka shimfiɗa wa mai gari da liman tabarma. Baturen ya zauna kan wata kujera mai naɗewa, jan wuya gare shi da gashin baki kamar na masara. Tafintansa Bayarabe ne, mai kaifin baki, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan. Aka zaunar da Mukhtari a rana, igiya a hannu. Bai dubi wajen zanan ba, ya san ina nan.

Ana cikin haka sai muka ji ƙarar sandar ƙarfe a zaure. Dabo ne, shi kaɗai, da ƙaramar jakar fata a kafaɗa. Ya yi sallama, ya durƙusa wajen da ya ji muryar mai gari, ya ce, "Ranka shi daɗe, an ce akwai ƙarhen da anka rasa ubanai. Na zo in gaishe shi."

Tafinta ya dube shi, ya dubi tsagen fuskarsa, ya yi dariya. Ya ce, "Mai ido biyu ya duba bai gane ba, sai Bagobiri makaho? Ku Gobirawa, mu da muke iyayen gijinku ma ba mu faɗi haka ba."

Dabo ya ce, "A'a, Bayarabe na? Ashe bawana yay yi girma har shina cin abinci da harshen wani. To riƙe harshen da kyau, yau zai yi aiki."

Har dogarai suka yi dariya. Baturen ya tambayi abin da aka ce, aka gaya masa. Ya ɗan yi murmushi, ya ce a ba tsohon.

Dabo bai karɓa nan take ba. Ya cire takalmansa ya ajiye gefe, ya goge hannuwansa a riga, ya yi bisimilla, sannan ya miƙa hannu biyu kamar mai karɓar jariri. Ya ɗora ta a cinya. Abin da ya fara yi shi ne sunsunawa.

Ya ce, "Man kaɗe. Na bara na bisa, ƙarƙashi nai akwai na shekaru. Wagga ba ta kwana daji ba, gida taka kwana, kuma mai gidan shina jin nauyinta."

Mai gari ya juyo wajen zana ya ce, "Tasalla, kin san da wanga zance?" Na ba shi labarin 'yar ƙwaryar. Tafinta ya juya. Baturen ya ɗaga kafaɗa, ya ce kowa na iya shafa wa bindiga mai.

Dabo bai kula ba. Ya bi dogon ƙarfen da yatsa tun daga baki. Sai na ga ya tsaya, ya komo, ya sake bi. Ya ƙwanƙwasa da zobe. Ƙarar da ta fita ban taɓa jin irinta ga ƙarfe ba, siririya ce, ta jima tana tafiya kafin ta mutu. Dabo ya ce, "Subhanallahi." Ya sake ƙwanƙwasawa, wannan karon don kansa kawai.

Ya ce, "Kusurwa takwas gare ta, ba wadda taf fi 'yar'uwarta. Ba ƙarhe guda ba na. Baƙi da hwari anka tuƙa kamar igiya, anka naɗe, anka doke har sunka zam nama guda. Ku masu ido ku duba, kuna ganin kamar ruwa na gudu jikinta?"

Liman ya sunkuya ya duba, ya ce, "Wallahi akwai. Kamar sawun ruwa bisa rairayi."

Dabo ya zura ɗan yatsansa a bakinta, ya juya a hankali, leɓensa na motsi. Ya ce, "Tsaga bakwai. Da hannu anka ja su, ɗaya ta ɗan fi zurhi, nan ya gaji. Shekarata hamsin ina dukan ƙarhe. Wanda yay yi wagga, da zai yarda in riƙa ɗauko mai gawayi, da na gode Allah."

Baturen ya matso da kujerarsa. Ya ce a tambaye shi a ina aka yi ta.

Dabo ya ce, "Ban sani ba."

Tafinta ya ce, "To me ka zo yi?"

Ya ce, "Inda anka haihe ta ban sani ba, ba ni yi muku ƙarya. Amma na san inda tak kwana bisa hanya. Ka gaya mai hakanan."

Sai ya fara daga gindinta. Ya ce icen nan ba ya tsirowa a ƙasarmu, ko a Adar, ko a Azbin. Ya nuna wasu ƙananan ramuka a jere, ya ce da azurfa ce a ciki, wani ya ciccire ta da bakin wuƙa, ba maƙeri ba ne, mai yunwa ne, don ya yi gaggawa ya ji wa icen ciwo. Inda Baturen ya ce an goge hatimi, Dabo ya ce ba magagari ba ne ya ci wurin, gogar sirdin raƙumi ce, shekara da shekaru, shi ya sa gefe ɗaya ne kawai ya lashe. Ya kai hannu tsakiyarta inda aka naɗe da fata, ya ce ta wuyan raƙumi ce, tana ɗanya aka ɗinka ta, ta bushe a kai, ɗinkin matan Buzaye ne, su ne suke komawa baya da zare sau biyu. Gaban icen kuwa ya ce aduwa ce, an yi mata ƙari bayan ta karye, wanda ya yi ƙarin masassaƙin turmi ne, ba na bindiga ba.

Ni dai ina tsaye bayan zana, na manta da carbin da ke hannuna. Mutum ba ido, yana karanta ice da fata kamar yadda Malam yake karanta littafi, kuma duk inda ya nuna, idan masu ido suka duba sai su ga haka ne.

Sai hannunsa ya iso wurin da ake ɗaure ƙanƙara, wato ɗan dutsen da ke ba da wuta. Akwai wata ƙusa mai murɗi da ke matse shi. Yatsansa ya taɓa kanta, sai ya janye kamar ya taɓa garwashi. Ya sake mayarwa. Ya jima haka, har mai gari ya ce, "Dabo, lahiya?"

Ya ce, "Ranka shi daɗe, a ce ma Bature shi kwance wagga ƙusa."

Baturen ya ciro wata 'yar wuƙa daga aljihu, ya sa bayanta a kan ƙusar, ya murɗa hagu. Ta ƙi. Ya ƙara ƙarfi har wuyansa ya ƙara ja. Ya ce tsatsa ce ta kama ta.

Dabo ya ce, "Ba tsatsa. Ƙara ɗaure ta shikai. Shi murɗa dama."

Tafinta ya ce, "Tsoho, ƙusar duniya duk hagu ake kwance ta."

"Ban da wagga."

Baturen ya murɗa dama. Ta juyo a sauƙaƙe, kamar jiya aka sa ta. Ya fitar da ita, ya ɗaga ta sama, ya duba, ya dubi Dabo.

Dabo ya ce, "Ni niy yi ta."

Kowa a wurin ya san abin da shelar ta ce game da maƙeran da ke gyaran bindiga. Mai gari ya yi gyaran murya, ya ce, "Dabo, ka san abin da kaka hwaɗi?" Ya ce, "Na sani. Bayarabe, juya mai duka, kada ka rage."

Ga abin da ya faɗa. Yana saurayi, bai yi aure ba, wani Buzu madugu mai suna Agali ya kawo wa ubansa bindiga, ƙusarta ta cinye, ramin ma ya cinye, ta shekara ba ta tashi. Uban ba ya nan, ya tafi fasa tama, dutsen da ake narkawa a sami ƙarfe. Dabo ya ce shi zai iya. Su ba su da abin yanka murɗi irin na Nasara. Yadda suke yi, sai a ja ƙarfe siriri kamar zare, a naɗe guda biyu tare a jikin ƙusa, a liƙe ɗaya a ƙusar da jan ƙarfe, ɗayan a cikin ramin. Shi kuwa ya naɗe yadda hannunsa ya saba naɗe igiya, bai duba ta dā ba. Sai da ya gama ya ga ta fito a juye. Agali ya yi ta yi masa tsiya, irin ta Buzu da maƙeri, ya ce ko jakinsa ya san dama da hagu. Amma ta riƙe ƙanƙara, ta ba da wuta. Dabo ya ce kwana uku yana yawo a gari ƙirji a buɗe.

Da shekara ta zagayo Agali ya komo, ya rame, ba tsiya ba dariya. A hanya, sun sauka a wata rijiya, yana sauke kaya, bindigar ta zame ta tashi. Ƙanensa ne a gabanta. Ya ce wa Dabo ba zai iya jefar da ita ba, ta ubansa ce, shi ma uban a hannun wani ya same ta. Amma ba ya son ta ƙara magana har abada.

Dabo ya ce, "Ni nit tashe ta, ni nik kashe ta. Na narka jan ƙarhe na zuba cikin 'yar hudar da wuta ka bi ta ci albarushi, na doke, na baƙanta wurin don kada a gani. Shi kankare nan da wuƙatai. In bai ga ja ba, a kwance yaron ga a ɗaure ni."

Baturen ya kankare. Daga inda nake ma na hango ɗan jan yana ƙyalli a rana, bai fi ƙwayar dawa ba. Ya nemi tsinke ya tsokana, ba hanya.

Amma bai saki ba tukuna. Ya ce to me ke cikinta, da sandar ɗuri ba ta kaiwa ƙasa? Dabo ya ce shi a wofi ya mayar wa Agali ita, kuma bai san inda ya kai ta ba. Ya ce a tsayar da ita, a saki sandar ta faɗa da kanta. Aka yi. Ya kara kunnensa a jikin ƙarfen ya ce a sake. Aka sake.

Ya ce, "Dalma cewa takai ƙwal. Albarushin da yad daɗe shina daskarewa, cewa shikai dum. Wanga bai ce komi ba. Tsumma na, ko takarda."

Ya buɗe jakarsa ya ciro wani siririn ƙarfe, ya lanƙwasa bakinsa da haƙori, ya ɗaura a kan sandar da zare. Dogarai suka ja da baya. Tafinta ya koma bayan rumbu. Dabo ya ce, "Ina bawana? Zo ka riƙe ma ubangidanka." Bai zo ba. Baturen ne da kansa ya riƙe gindin bindigar, Dabo ya zura, ya juya a hankali, ya jawo.

Takarda ce, an naɗe ta kamar laya, an ɗaure da zaren saƙi. Aka miƙa wa liman. Ya warware ta da kyar don kada ta karye. Yana ganin rubutun ya ce, "Hannun Malam Boyi na." Malam Boyi shi ne mahaifin mijina. Ban riske shi ba.

Liman ya karanta da Larabci, ya fassara. Bayan bisimilla da salati, an rubuta cewa wannan amanar Agali ce, mutumin Adar, ya bar ta zai tafi aikin hajji. Idan ya komo a ba shi. Idan bai komo ba, kada a sayar, kada a raba ta a gado, a ajiye har wani nasa ya zo. Duk wanda ya ga takardar nan ya yi wa ƙanensa Alhusaini addu'a. Ƙasa kuma an sa shekara: dubu da ɗari biyu da tamanin da ɗaya daga Hijira.

Baturen ya sa aka maimaita masa shekarar. Ya yi ɗan rubutu a littafinsa, ya tsaya yana kallon abin da ya rubuta. Sai ya faɗi wata magana a hankali. Tafinta ya ce, "Ya ce a lokacin ba a haife shi ba."

Liman bai jira izinin kowa ba, ya ɗaga hannu. Muka yi wa Alhusaini fatiha, mutumin da ba wanda ya san fuskarsa a cikinmu, ya rasu a bakin wata rijiya da ba mu san sunanta ba. Na ga Baturen ya cire hularsa ya riƙe. Na ga hawaye yana bin tsagen Dabo, daga idon nan da ya mutu ma yana zuba.

Da aka shafa, Baturen ya yi wa dogari nuni. Aka kwance Mukhtari. Ya tashi yana murza wuyan hannunsa, ya je ya durƙusa gaban Dabo. Dabo ya lalubi kansa ya dafa, ya ce, "Tashi, je ka gaida tsohuwarka, tun ɗazu nika jin carbinta na kaɗawa bayan zana."

Baturen ya ce game da Dabo, abin da aka yi kafin zuwansu ba ruwansa da shi. Sai ya ce yana son bindigar, zai kai ta garinsu, akwai masana da za su faɗi inda aka yi ta. Mai gari ya dubi Mukhtari. Mukhtari ya dubi zana. Ban san inda na sami ƙarfin ba, na ce, "Ranka shi daɗe, ba tamu ba ta balle mu ba da." Aka juya masa. Ya mayar da ƙusar da hannunsa. Ya fara murɗawa dama ta ƙi shiga, ya tuna, ya yi dariya, ya murɗa hagu. Ya ce ƙarfen da ba ya tashi ba makami ba ne, a mayar da ita inda take.

Kafin a naɗe ta, Dabo ya roƙi a ƙara ba shi. Ya bi ta da tafin hannu tun daga baki har gindi, sau ɗaya. Ya ce, "Da nir riƙe ta ina yaro, ƙusata kaɗai nig gani. Ban san abin da ke hannuna ba. Sai yau da ba ni da ido." Ya sa takalmansa, ya ɗauki sandarsa, ya tafi.

Da na fita takaba na dama fura da nono mai kyau na kai masa da kaina. Na same shi yana ƙera lauje. Ya sha, ya ce gero ya ji daka. Ya tambaye ni ko na bar wasa wuƙa a dutsen niƙa. Maganar bindiga bai tayar ba, ni ma ban tayar ba. Ya ƙara shekara shida yana aiki, har ranar da 'yarsa Raliya ta kai masa abinci ta same shi jingine da bagaruwar, masaba a cinya. Allah ya gafarta masa. Har yanzu akwai hauyoyinsa a gonakin Araba da Garu, masu su ba sa ba da aro.

Mukhtari ya yi ta cigiya a Ƙonni da wajen ayarin Adar, ko akwai wanda ya san zuriyar wani Agali da ya tafi hajji bai komo ba. An sami Agali da yawa, ba a sami namu ba. Inda aka yi ta kuwa, har yau ba wanda ya sani. Tana nan a ƙasan babban rumbu, da takardarta a ciki. Bana ma da aka kwashe tsohon gero, Mukhtari ya leƙo ɗakina. Na riga na zuba man a 'yar ƙwarya, na miƙa masa.